Shuɗin Fenti a Bakin Waya

Zuwa ga: Shugaban Makaranta
Daga: Malamin kimiyya na ajin ƙarshe
Kwanan wata: 9 ga Mayu

Game da: Fentin da aka shafa wa kayan gwajin lantarki

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafi. Ina roƙon a karanta shi yau, domin ɗalibaina za su zauna jarrabawar gwaji ranar 20 ga wata.

1. A ranar 2 ga Mayu ofishinka ya ba da umarnin yi wa kayan makaranta alama da shuɗin fenti saboda masu ɗauke-ɗauke. Umarni ne mai kyau. Sai dai mai kula da sito, mutum mai himma, bai tsaya kan kujeru ba. Ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ya shafe kawunan batura, bakunan wayoyi da gindin ƙwayayen fitila.

2. Darasin a taƙaice shi ne: batir ke tura wuta, wuta ta bi waya ta zagayo, abin da ke rage mata gudu kuma shi ake kira turjiya. In turjiya ta ƙaru, wutar da ke gudana ta ragu. Fenti kuwa tare hanyar yake yi gaba ɗaya.

3. Ƙananan na'urorin turjiya, da launukan da ke jikinsu ake gane ƙarfin kowacce. Su kuwa, tsoma su mai kula da sito ya yi cikin gwangwanin fenti. Yanzu duk kamanninsu ɗaya, kamar 'yan gida ɗaya.

4. Na zo da samfefa zan kankare, ya karɓe ta, ya kulle kayan a sito. A cewarsa mai goge alamar makaranta da ɓarawo duk ɗaya ne, sai in da sa hannunka. Tun ranar na kasa zama. In je ƙofar sito, in dawo, in leƙa ofishinka a ce kana taro, in sake komawa. Raina a ɓace yake, ranka ya daɗe, ba zan ɓoye ba.

5. Kafin ya kulle, yaran sun gwada kayan sau ɗaya, ko ƙwan fitila ɗaya bai kama ba. Na yi bayanin fenti, suka gyaɗa kai irin na ladabi. Wata ɗaliba, mafi ƙwazo a ajin, ta rubuta cewa ta haɗa komai yadda aka koya mata, allurar mitar auna wuta ba ta motsa ba, don haka ba za ta shaida abin da idonta bai gani ba.

Saboda haka ina roƙon ka sa hannu a buɗe sito, a maido mini samfefata, a kuma sayo sababbin na'urorin turjiya kafin Litinin. Aikin yarinyar nan yana kan teburina, na kasa ba shi maki. Amsarta ba za ta ci jarrabawa ba, kuma ba ƙarya ta rubuta ba.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Malamin kimiyya na ajin ƙarshe