Muryar Abokina Tana Cikin Rumbun Da Aka Ce A Fasa

Hajiya, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke damuna idan na faɗa wa na kusa da ni dariya za su yi, su ce babba da ni ina jimamin ƙarfe. Ko matata ban faɗa mata ba.

Ni mai tace sauti ne a wani ƙaramin kamfani da ke shirya wa gidajen rediyo shirye-shirye kan lafiya. Mai gabatarwa ya yi magana a ɗauka, ni kuma in zauna in yanke tari da in'ina da kurakurai har abin ya fito sumul. Iyalina suna wani gari saboda makarantar yara da kuma mahaifiyata da ta ce ba inda za ta. Ni ina nan a ɗakin haya, daga katifa sai murhun gas sai ƙusar rataye kaya, jefi-jefi nake zuwa ganinsu.

Shekara da shekaru mutum ɗaya na yi aiki da shi, mai gabatar da shirinmu. Sarkin Tari muke ce masa, don ba ya soma magana sai ya gyara murya kamar tsohuwar mota ana tayar da ita. Shi kuma ya laƙaba mini Almakashi. Ɗakin ɗaukar sautinmu ɗan ƙarami ne, an manna soso a bango, gilashi tsakanina da shi, kuma dole a kashe fanka kafin a fara, sai mu yi ta gumi yana mini alama da hannu wai zan kashe shi. Da rana a teburina muke cin abinci, yana ba ni labarin autarsa da ta rantse ita da lissafi har abada. Bara ya ɗan kwanta jinya, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu matasa ne suka cika ofishin. Ba ni da abin da zan ce sun yi mini, suna gaishe ni da ladabi, Baba suke ce mini. Amma kowa da abin sauraro a kunne. Wanda teburinsa ke manne da nawa ma, idan yana son abu saƙo yake turo mini ta waya. Sabuwar mai gabatarwa a gidanta take ɗaukar muryarta ta turo, tsaf, babu abin yankewa. Wata rana in shiga in fita ban furta komai ba sai gaisuwa.

To ga inda matsalar take. Akwai wani baƙin rumbun ajiyar bayanai, irin na tafi-da-gidanka da ake jona wa kwamfuta da waya, bai wuce tafin hannu ba, an naɗe gefensa da salatif tun da ya taɓa faɗuwa. Duk ɗanyen sautin da muka ɗauka da marigayin yana ciki, wanda ba a tace ba. Inda ya yi kuskure ya fashe da dariya, inda yake roƙona in yanke wani wuri kada in tona masa asiri, inda yake tambayata ko na kira gida. Ranar da na fara buɗewa wani aiki nake nema. Daga nan ya zame mini jiki, duk lokacin cin abinci sai in jona, in sa abin sauraro, in ci muna tare.

Rumbun ya soma gajiya. Yana wani ƙas-ƙas a ciki, wata rana kwamfuta ta gan shi, wata rana ko alama. Ya buɗe ya tsaya cak, in zauna ina kallon 'yar fitilarsa. Kwanan baya sautin shekara guda cur ya ɓace, na neme shi na rasa.

Ana cikin haka manajarmu ta ce tunda an kwashe shirye-shiryen da aka kammala an ɗora a sabuwar ma'ajiya, a tattara tsofaffin rumbuna a farfasa. Kuma tana da hujja. A cikinsu akwai hirarraki da marasa lafiya waɗanda aka yi wa alkawarin ba wanda zai ji sunansu ko ainihin muryarsu. A cikin nawa ma akwai wata baiwar Allah da ta faɗi ciwon da ko dangin mijinta ba su san tana da shi ba, ina wurin aka yi mata alkawarin. Mai kula da kwamfutocinmu ya zagayo da kwali yana karɓa, na ce masa ina amfani da nawa tukuna, na tura shi aljihun tebur. Ya ce mini duk kunnawa ɗaya rage masa kwana nake yi. Ya sake dawowa, na sake ba shi haƙuri, kuma na ga alamar haƙurin ya kusa ƙarewa.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi, autar marigayin ta kira ni. Ta ce sun saurari tsofaffin shirye-shiryen babansu, amma a ciki duk murtuke yake kamar mai karanta labarai, ko ina da inda yake dariya? Hajiya, ni na yanke dariyar nan da hannuna, aikina ke nan. Na ce mata zan duba, har yau ban kira ta ba.

Zuciyata tana ce mini in sa shi a aljihu in kai wa masu gyara a kasuwa su kwashe mini komai, ba wanda zai sani. Sai in tuna matar nan. In je wurin manaja kuma ina jin nauyi, don sai ta gane yadda nake cin abincin rana. In miƙa shi a fasa, ji nake kamar zan sake raka marigayin makwanci, wannan karon ni kaɗai. Me zan yi?

Almakashi

Malam Almakashi, Allah ya jiƙan abokinka, ya ba ka haƙuri. Ba ƙarfe kake jimami ba, kuma ni ban ga abin dariya a wasiƙarka ba.

Bari in fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba. Manajarku tana kan gaskiya. Rumbun na kamfani ne, sirrin da ke ciki kuma na marasa lafiya ne, ba naka ba, ba na marigayi ba. Ka cire maganar kasuwa daga ranka. Mai gyara ba zai ware dariyar abokinka daga kukan waccan matar ba, komai zai kwashe, kuma ba ka san inda zai kwana ba. In ya fita, aikinka zai tafi, wannan ma ƙarami ne kan abin da zai same ta.

Amma kai ma kana da gaskiya, autar marigayin kuma ta fi ka. Don haka daga yau ka daina jona shi. Na san rana za ta yi maka tsawo, sai dai duk sauraron da ka yi daga rabon autar kake ci. Gobe ka je wurin manaja ka faɗa mata 'yar marigayi ta nemi muryar mahaifinta. Wannan gaskiya ce, kuma ta isa hujja, ba sai ka kawo zancen abincin rana ba in ba ka so. Ka roƙi a bar mai kula da kwamfutoci ya gwada kwashewa, a cikin ofis, wuraren da marigayin ke magana shi kaɗai. Kai ka zauna ka tace su, tunda ba wanda ya fi ka sanin inda suke, manaja ta saurara ta amince, sannan a ba iyalinsa, kai ma ka nemi izinin riƙe kwafi. Bayan haka a fasa rumbun, ka tsaya a yi a gabanka don hankalinka ya kwanta.

Ka shirya wa ɗayan ɓangaren kuma. Manajar tana iya cewa a'a, rumbun kuma yana iya mutuwa ana tsakiyar kwashewa. In haka ta faru, ka kira yarinyar ka faɗa mata gaskiya. Shirun da ka yi mata ya fi rashin sautin ciwo. Ka je gidan da ƙafarka ka ba su labarin mahaifinsu a wurin aiki, akwai abin da ka sani game da shi wanda babu a kowace na'ura.

Saura kai. Ka ce yaran ofis kowa da abin sauraro a kunne. To su ma haka suke ganinka a lokacin da ake sakin jiki a yi hira, wataƙila sun ɗauka Baba ba ya son a dame shi. Ka ɗauki abincinka ka matsa kusa da maƙwabcin teburinka, ka tambaye shi wani abu da baki. Ranar farko za ta yi nauyi, ba kuma za su zama kamar marigayin ba, kada ka auna su da shi. Ka gayyaci sabuwar mai gabatarwa ta riƙa zuwa ɗaukar wasu shirye-shiryen a ɗakinku na ɗaukar sauti, za ta ƙaru da kai. Sannan ka kira matarka ka faɗa mata duk abin da ka faɗa mini. Mai yiwuwa ta daɗe da jin sauyi a muryarka tana jiran ka buɗe baki. Ku yi maganar wannan zaman nesa da nesa, ko akwai yadda za a rage shi.

Allah ya sa a samu abin da za a kai wa marayun nan, ya sanyaya maka zuciya, ya haɗa ka da iyalinka cikin alheri.