Hudar Kunnen Auta

Maiduguri,
12 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga Yaya Zulaiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya jikin Abba? Da fatan an kwance masa bandejin idon farko, kuma zaman Kano bai gundure shi ba. Na ba direba takardar nan ne maimakon in buga miki waya, domin na san Abba, ido ne ya ba shi matsala, kunnensa ras yake. Ki karanta ke kaɗai.

Auta ba ta gida. Yau kwananta uku ɗaure a gidan Bulama, mai unguwar Abbaganaram, wai ba tamu ba ce. Eh, karsanar nan fara, 'yar Gimbiya, jinin shanun Kuri na ƙarshe da ya rage mana cikin waɗanda Abba ya koro daga bakin tafki. Kafin ki ɗora hannu a ka, bari in faɗa miki nawa laifin.

Wata biyar da suka wuce wasu masu bincike suka zo kasuwar shanu. Shugabarsu wata Dakta Pindar ce, 'yar Biu, ofishinsu na can wajen unguwar Mairi. Aikinsu karanta rubutun gado da ke cikin jikin kowace halitta, wanda ake kira DNA. Suna karanta na dawar masakwa, da na ƙwayar cutar amai da gudawa da ta ɓarke bayan ambaliya, da na masu sikila, yanzu kuma suna son na shanun Kuri kafin irin ya ɓace. Dillalai suka yi ta jawo musu duk wata saniya mai ƙaton ƙaho suna rantsuwa Kuri ce. Raina ya ɓaci. Ni da na shekara biyu ina karanta wannan ilimi a waya da tsofaffin littattafan bakin titi, in tsaya ina kallo ana cusa musu gauraye? Na ce su biyo ni gida su ga ta gaske.

Abba yana masallaci lokacin. Na san dokarsa, ba mai kai ƙarfe kunnen dabbarsa. Gimbiya ta ƙi tsayawa, sai gashin jelarta suka tsiga. Auta kuwa ni na riƙe ta da hannuna, aka huda mata kunnen hagu aka ɗauki tsoka kamar ƙwayar wake. Ya warke, Abba bai gani ba saboda yanar ido, ni kuma na ja bakina.

Abin da ban tuna ba, ni mai karatun, shi ne shaidar kunne. Tamu tsaga ɗaya ce a kunnen dama. Ta gidan Alhaji Ajimi, dillalin nan mai jan rawani, tsaga ɗaya a dama da huda a hagu. Kin gani? Da hannuna na rubuta wa Auta sunan wani gida. Shi kuma ruwan bara ya tafi masa da farar maraƙa sa'arta. Ranar Alhamis na kai su shan ruwa bakin kogin Ngadda, makiyayinsa ya gan ta, kafin la'asar ga dattawa huɗu a ƙofar garkenmu.

Maganarsu ita ce tamu maraƙar ta mutu a ambaliya, Abba ya tsinci tasu ya haɗa da Gimbiya. Abba fa! Mutumin da ya taɓa tafiyar yini biyu don ya mayar da ɗan akuyar da ya biyo garkensa.

Kada ki gaya masa tukuna, likita ya ce ba a son hawan jini kafin aikin ido na biyu. Ni na ɓata, ni zan gyara, kuma na san ta inda zan bi. Ki gaida su Khairunnisa, ki ce kawunsu yana nan da bakinsa.

Naki ƙane,
Hamid Abakar.

Maiduguri,
21 ga Oktoba, 2025.

Yaya Zulaiha,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Na ji daɗin jin Abba ya fara gane fuskokin jikokinsa, Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonki ya iso, har da inda kika kira ni sarkin rawar kai. Na karɓa. Ga yadda zaman gidan Bulama ya kasance.

Da farko aka yi gwajin iyaye da kakanni. Aka ɗaure Gimbiya a gabas, saniyar Alhaji a yamma, aka saki Auta a tsakiya a ga wadda za ta bi. Shashashar ta wuce su duka ta tura kai cikin kwanon dusa. An yaye ta tun tuni, ina ruwanta da uwa? Maƙwabta suka ce sun san muna da farar maraƙa, amma bayan ambaliya kowa ta kansa yake yi, ba mai iya dafa Alƙur'ani a kan wannan ce.

Dakta Pindar ta zo da kanta, Allah ya saka mata. Ta faɗi cewa su suka yi hudar, ta nuna littafinsu. Alhaji ya ce bai ƙaryata ta ba, amma wa ya san ko na kai ta ne ta huda a kan tsohuwar huda don in ɓatar da sawu? A nan ne bakina ya kuɓuce. Na ce masa da ya iya tsaron dabba kamar yadda ya iya tsara zance, da ruwa bai ci masa ko kaza ba. Mutumin nan shanu goma sha ɗaya ya rasa a ruwan, har da ɗakunan gidansa biyu. Na sani, kuma na faɗa. Bulama ya ce in na ƙara ɗaya irinta, zai ba Alhaji rantsuwa nan take ya kama igiyar karsana ya tafi, tunda shaidar kunne tana gefensa.

Na haɗiye sauran, na roƙi a ba ni minti biyar. Na ce kowane ɗan maraƙi rabin rubutun jikinsa daga uwa yake, rabi daga uba, kuma ba wuƙar da ke kankare shi. Idan aka duba gurbi dubu hamsin a jikin Auta, dole a kowane gurbi a samu ɗaya daga cikin abin da uwarta take ɗauke da shi. Saniyar da ba ta haife ta ba za ta saɓa da ita a wurare da yawa, ko da kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara. Wani dattijo ya ce to ai likitar tawa ce, abin da nake so za ta rubuto.

Dama nan nake jiran su. Na ce kada a yarda da ni, kada a yarda da ita. A tsigi gashin jela sabo a gaban kowa, na Auta, na Gimbiya, na saniyar Alhaji, a ƙara da na wasu fararen shanu uku daga kasuwa. Bulama ya shiga ɗaki shi kaɗai ya zuba kowanne a ambulan, ya yi masa alamar da shi kaɗai ya san ma'anarta. Ambulan ɗin Auta kawai za a bayyana. Sauran biyar ɗin, injin ya nemo uwa a cikinsu a makance. In ya nuna ta Alhaji, ni da kaina zan kai masa ita har gida in durƙusa. In ya nuna wata saniyar kasuwa, a ce karatuna shirme ne, a ba shi rantsuwa.

Yaya, da kin ga fuskar Dakta. Ta ce ko a jami'a haka ake koyarwa, ta tambaye ni ajin da na tsaya. Na ce aji uku na sakandare, shekarar da muka gudo. Alhaji ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce ya yarda, domin shi ma ba ya son ya rantse a kan abin da zai tsaya masa a wuya ranar gobe. Wannan maganar ta ɗan sanyaya min jiki. Ashe da gaske ya ɗauka tasa ce.

An tura ambulan shida wani ɗakin gwaji a kudu, wata guda za a jira. Kullum da safe nakan kai wa Auta harawa gidan Bulama. Ta ɗan rame, Gimbiya kuma ko a jikinta. Ni ba na shakkar komai, a gabana aka haife ta, ni na goge mata majina da rigata. Ki ci gaba da riƙe min sirrin, saura kaɗan.

Ƙanenki,
Hamid.

Maiduguri,
22 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga mahaifina Malam Abakar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Abba, ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga mahaifi, tare da yi muku barka da aikin ido na biyu. Allah ya sa kaffara ne, ya dawo mana da ku lafiya. Yaya Zulaiha ta ce jiya ta karanta muku wasiƙuna biyu da na rubuta mata, kuma ruwa kawai kuka nemi a ba ku. Wannan ya fi min bulala ciwo. Ga ƙarshen maganar daga bakina.

Sakamako ya zo ranar Laraba. Mutane sun cika zauren Bulama har waje, rabin kasuwar shanu na nan. Dakta ta ce ita ba ta san saniyar kowa ba, abin da ta sani shi ne ambulan mai alamar zobe biyu ya dace da karsanar a duk gurbin da aka duba, in ban da 'yan ƙalilan da ba sa wuce kuskuren inji, sauran huɗun kuwa kowanne ya saɓa da ita a gurbi sama da dubu. Bulama ya zaro takardarsa daga aljihun 'yar ciki, ya miƙa wa liman ya karanta. Zobe biyu, Gimbiya ta gidan Abakar.

Na shirya maganganu tun wata guda, Abba, masu zafi, har jera su na yi. Ban faɗi ko ɗaya ba. Alhaji Ajimi ya juya wajen Dakta ya tambaye ta, cikin wata irin murya, ko injin nata zai iya gaya masa inda tasa take. Ta ce a'a, sai dai in an ga wadda ake zato a gwada, kuma gashin saniyarsa yana ajiye a wurinsu ko shekara nawa za a yi. Ya gyaɗa kai. Na tashi daga inda nake na tsuguna a gabansa na nemi gafarar abin da na faɗa masa ranar farko. Ba wanda ya sa ni.

Ya hana ni riƙe igiyar. Shi da kansa ya jawo Auta daga Abbaganaram, ya bi da ita ta tsakiyar kasuwa, ya tsaya a rumfar dillalai ya ce kowa ya buɗe ido ya dubi kunnen nan, hudar likita ce, karsanar Abakar ce, kuma shi ya janye abin da ya faɗa a kanku a gaban waɗanda suka ji ya faɗa. Da muka iso gida shi ya ɗaure ta. Ya ce in gaya muku ɗanku yana da kai, saura ku nema wa bakinsa turke.

Dakta ta daina hudar kunne a aikinsu gaba ɗaya, gashin jela kawai za su riƙa ɗauka. Ta kuma nemi in zagaya da su in rubuta shaidar kunnen kowane gida da asalin shanunsa ta wajen uwa, yadda kuka koya min, domin ta ce takardunsu lamba kawai suke da ita, ba su san wace ta haifi wace ba. Na ce mata ina so, amma wannan karon sai na tambaya. To ga shi ina tambaya.

Na karya dokarku, na ɓoye muku wata shida, na jawo aka ambaci sunanku da abin da ba halinku ba. Ba ni da hujja a kan ko ɗaya, ni da ba na rasa hujja. Auta tana kan turkenta kusa da uwarta, ta ci ta sha, yanzu haka tuƙa take yi. Ku dawo ku yi min faɗan da kanku, ina nan ba inda za ni.

Ɗanku mai neman gafara,
Hamid.