Gurbin da Kawu Ya Nema wa Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da fama da aikin asibiti. Rubutu na zaɓa don kin san gidan nan: in na kira ki a waya, Umma tana jin komai ta bango.

Ban gama murnar kammala digiri na biyu ba, sai ga aiki biyu a tare. Na farko a kwalejin da ke bayan unguwarmu, in riƙa kula da ɗakin gwaje-gwaje. Kawu ne ya taka da ƙafarsa ya ga shugaban kwalejin. Albashin kaɗan ne, amma a gida zan kwana. Na biyu kamfanin tace ruwan sha ne, tafiyar yini guda a mota. Ranar ganawa sun shiga da ni ɗakin gwajinsu. Injin da nake gani a littafi kawai, ga shi a kan tebur, har aka ce in gwada. Sai dai na tambayi kuɗin haya a garin, ɗaki ɗaya zai cinye rabin albashin.

Kwalejin na son amsa kafin ƙarshen wata. Me kika gani?

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaida Anti mai digiri biyu.

Wai me na gani. Na ga kin ba kwaleji layi uku, kin zauna kina yi wa inji kirari. Zuciyarki ta riga ta hau mota.

Abu ɗaya: kada ki amsa albashin farko da suka faɗa. Ni na amsa nawa baki har kunne, ina ta godiya kamar kyauta aka ba ni. Yau waɗanda na koya wa yin allura sun fi ni ɗauka. Rubuta musu cikin ladabi, ki ce kina son aikin, amma haya ta yi tsada, ko za su ƙara wani abu. Ba a korar mutum don ya tambaya. Kawu kuwa, ki ce masa kina shawara.

Ki gaida Umma.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na yi yadda kika ce. Matar da ke kula da ɗaukar ma'aikata ta kira ni, muryarta ba yabo ba fallasa. Ta ce, “Kin san akwai waɗanda ke bayanki suna jiran gurbin nan?” Na ce na sani. Ta ce, “To, za mu duba.” Tun daga nan shiru. Na aika saƙo, ba amsa. Ko wanke-wanke nake yi, wayar na kusa da ni a kan taga.

Jiya Kawu ya zo. Ya zauna a bakin kujerar falo, ruwan da Umma ta kawo ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, “Shugaba ya sake tambayata. Me zan ce masa?” Na ce ina shawara. Ya ce, “Da wa?” Kafin in buɗe baki Umma ta ce, “Da yayarta mana.” Saboda haka ki shirya.

Kin ce ba a korar mutum don ya tambaya. Yaya, kin tabbata?

Auta

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da iyalinki.

Na samu labarin ke ce mai ba ƙanwarki shawara. Ban hana ba, amma ya kamata ki san abin da ba ku sani ba. Gurbi ɗaya ne a kwalejin nan. Ɗana Dogo ma ya nema, takardunsa sun cika, kuma kin san tun yaushe yake zaune ba aiki. Shugaba ya ce in zaɓi ɗaya a cikinsu. Na zaɓi Auta, saboda mahaifinku ba ya raye, kuma uwarku ba ta da kowa a gidan sai ita. Har yau uwar Dogo ba ta sakar mini fuska ba.

Ban yi don a gode mini ba. Amma kada a bar ni tsaye a ƙofar ofishin mutum ba amsa.

Wassalam,
Kawunku

Auta,

Ya Umma take? Ga wasiƙar Kawu na haɗo miki, ki karanta da kanki.

A'a, ban tabbata ba. Na ba ki shawara da haushin abin da ya same ni, ban tsaya na duba naki ba. In kamfanin ya janye, da hannuna a ciki. Ki karɓi aikin kwaleji. Inji ba zai gudu ba, in kin kwana biyu sai ki sake nema.

Ki yi haƙuri da ni.

Yayarki

Yaya,

Na gode, amma ban bi shawararki ba a wannan karo.

Na je kwalejin da niyyar sa hannu. Shugaba ya karɓe ni da fara'a, ya nuna mini ɗakin gwajin: kwalabe a kulle a kabad, famfon ba ya kawo ruwa. Sannan ya ce sharaɗinsu shi ne ba zan bar aikin ba sai bayan shekara biyar. Ya miƙo mini biro. Na riƙe shi, na kasa. Na ga in na sa hannu ina hangen wani wuri, na cuci kaina, na cuci Dogo da ke son aikin da gaske. Na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya duba takardun Dogo. Ya tashi ya buɗe mini ƙofa.

Da na gaya wa Umma, ta ajiye abin da take yi. Ta ce, “Yanzu me kike da shi a hannu?” Na ce babu. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Kamfani har yanzu shiru. Ki sa ni a addu'a.

Auta

Kawu,

Ina gaishe ku da girmamawa. Na zo gida ban same ku ba, na kira ba ku ɗauka ba, shi ya sa na rubuto.

Kamfanin ya kira. Ba su ƙara ko sisi ba, amma za su ba ni ɗaki a gidajen ma'aikata, su sake duba albashin in na wuce lokacin gwajin aiki. Na amsa. Umma ta sa mini albarka, ko da yake da kuka. Farkon mako zan tafi.

Na san abin da kuka bari saboda ni. Ku yafe mini.

'Yarku,
Auta

Auta,

Na samu wasiƙarki. Gurbin an ba wani, ba Dogo ba.

Ban riƙe ki a zuciya ba, amma ban shirya zama mu yi magana ba tukuna. Ki riƙe aikinki da kyau, tunda kin saye shi da tsada. Uwarki zan riƙa leƙa ta.

Allah ya kiyaye hanya.

Kawunki