Ofishin Nahuel Yana Bangon Rumbun Dankalinmu

Anti Leida, ki taimake ni, murna na neman zame min ciwon kai.

Ni da matata Külli muna da lasisin ba da adireshi ga baƙin da gwamnatinmu ta Estoniya ta ba katin zama na intanet, suna buɗe kamfani a nan ba tare da sun taɓa taka ƙasar ba. Cikinsu akwai Nahuel, mai zanen gidaje a Ajantina. Bawan Allahn nan ya kamu da son ƙasarmu. Ya rataya tutarmu a shagonsa, yana koyon waƙoƙinmu, "ɗan'uwa" ma yake kirana. Ni kuwa in rubuta amsa in goge, ƙarshe in tura masa "Na gode" kawai.

To, zai zo bikin tsakiyar bazara, wai zai ɗauki hoto a ƙofar ofishinsa, wato adireshin da muka ba kamfaninsa. Anti, ofishin nan akwatin wasiƙu ne a bangon rumbun dankalinmu! Külli ta yi dariya har da hawaye, wai in sa wa akwatin labule da kujerar manaja. Babana bai ce uffan ba, ya shiga daji ya yanko ganyen da a al'adarmu ake shauɗa wa baƙo a ɗakin wankan sirace. Mu mun san babu karramawar da ta fi wannan. Shi fa? Ya ga akwati, sannan tsoho ya tsula masa ganye ba magana. Tsorona ya koma gida ya sauke tutar nan, kuma ta dalilina. Ko in kama hayar ofis a garin Võru na yini guda?

Mai Akwati

Mai Akwati, kada ka kama hayar komai. Tsoronka na da tushe, mai dogon zato ba ya son ba-zata. Don haka yau ɗin nan ka tura masa hoton akwatin, har da dankalin. Ka kuma faɗa masa tun da wuri cewa shirun Baba maraba ce.

Mu 'yan kaɗan ne a duniya. Katin nan ya kai sunanmu inda jakada bai kai ba, amma kati ba ya hura wa baƙo wuta. Wannan aikin gidanku ne, kuma Baba ya riga ka farawa. Mai zanen gidaje ya gaji da ganin ofis. Mutane zai zo gani.

Ka dai riƙe hannunsa idan zai tsallake wutar bikin kamar yadda muke yi duk shekara, kada mu mayar wa Ajantina mutuminsu da ƙonannen wando. Allah ya kawo shi lafiya, a sha biki.

Anti Leida