Ba a Ɗauke Tukunya Kafin a Fasa Ƙwai

Ya ke Chizuru, farin watan da ke leƙowa ta saman kogin Naka, furen da ya ƙi jiran bazara ya buɗe cikin sanyi, ruwan sanyi a maƙogwaron direban da ya sha hanya! Gaisuwa daga Tetsuji naki, sarkin direbobin kasuwar kifin Hakata kaf, wanda in ya danna oda tsuntsayen teku ke tashi su ba shi hanya. Kar ki duba rubutun, hannun nan sitiyari ya sani ba biro ba. Ki duba abin da ke ciki.

Ke kika ce in zo gidan abincin Kaka Fumie in ga mutumin Tokyo ɗin nan da ke son ya aure ki ya tafi da ke, wai in faɗa miki ra'ayina kafin ki ba shi amsa ran Lahadi. To na je na gani. Tir! Wannan ne Kuramochi? Wannan mai gashi yana ƙyalli kamar bayan tarwaɗa? Da ya zo zama kan tabarma sai da gwiwarsa ta yi ƙara kamar ƙofar tsohuwar motata. Ya kalle ni sama da ƙasa, wai "Sannu malam direba." Ke kuma kika ce masa, "Kamar yayana yake." Yaya! Na fi kowa dariya a wurin, na sani, amma maganar nan har yanzu tana maƙale a wuyana kamar ƙayar kifi.

Bar wannan. Mu zo kan tukunyar da ake ɗora wa masu ci kan wuta a gabansu, don a nan ya tona wa kansa asiri.

Ko jaririn Hakata ya san yadda ake yi. Kaka Fumie ta wuni tana dafa ƙashin kaza har romo ya yi fari tas kamar madara. Sai a fara kurɓarsa zalla a ɗan kofi, da ɗan gishiri da lawashi, kowa ya yi shiru ya ji daɗin ransa. Sannan nama. Sannan ganye. Shi fa gwanin naki? Ya fizge ludayi daga hannun tsohuwa, wai "Bar shi kawai Iya, na saba a Tokyo." Ya ɗaga farantin kabeji da awara da komai da komai ya juye ciki gaba ɗaya, tim! Romon da aka wuni ana lallashi ya koma ruwan wanke kwano. Kaka ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, girki kake ko wanki?" Shi ko a jikinsa, yana ta juyawa yana ba mu labarin benen da yake zaune hawa na sama. Ni da nake iya cinye kaji uku ina ba da labari, ranar ture kwanona na yi gefe.

Amma duk wannan na yafe, jahilci ne. Ga wanda ban yafe ba.

Chizuru, hasken asubata, iskar teku mai kwantar da zafin raina! Shekara nawa muna cin tukunya a kusurwar nan? Na san ki. Nama kaɗan kike ɗauka, ganye kaɗan, kina ajiye wuri a cikinki saboda na ƙarshe. A zuba shinkafa cikin sauran romon da ya shanye daɗin komai, a fasa ƙwai a kai, a rufe, a jira. Duk lokacin da aka ɗaga murfi tururi ya bugi fuskarki kika lumshe ido, na rantse ko fitowar rana a kan teku ba ta kai wannan kyau ba, kuma ni na ga fitowar rana fiye da duk mutanen Tokyo in an haɗa su.

Shi kuma ya duba agogonsa mai tsada ya ce, "Iya, kwashe tukunyar, mun ƙoshi. Shinkafa ƙiba take sawa." Mun ƙoshi! Shi da wa? Ya tambaye ki? Ya ma kalle ki? Ƙaramin kwanonki yana riƙe a hannuwanki biyu, kin riga kin miƙo shi. Na ga kin mayar da shi a hankali kin ajiye, kin yi murmushi kin ce, "Haka ne, na ƙoshi." Ƙarya kika yi! Kuma in kika bi shi, haka za ki dinga cewa kin ƙoshi har ki tsufa, a can hawa na sama inda ba wanda zai ji cikinki na kuka.

To ga ra'ayina tunda kin tambaya. Ni ba yayanki ba ne, ban taɓa zama ba, kuma na gaji da rainon wannan suna. E, ina ƙarnin kifi. E, muryata tana tada yara daga barci. Amma wa ya san ba kya son fatar kaza, yake tsince ta ya cinye kafin ki gani? Wa ke tura miki ɓangaren da ƙwai ya fi taruwa? Kina zaton dace ne kawai duk shekarun nan?

Da kuka fita Kaka ta maka mini ludayi a ka ta ce, "Kai sakarai, baki kamar ƙofar kasuwa amma maganar da ta kamata ta gagare ka!" Ta yi gaskiya. Ina son ki, Chizuru. Ga shi na faɗa, duniya ba ta tashi ba.

Ran Asabar da rana Kaka za ta ajiye mana kusurwarmu. Zan zauna in kurɓi romo yadda mutanen kirki ke yi, in ci nama, in ci ganye. In an zo kan shinkafa zan ɗauki ƙwai in riƙe, ba zan fasa ba sai kin cire takalmi a bakin ƙofa. In ba ki zo ba, mutanen Hakata za su sha kallon ƙaton gardi zaune da ƙwai a hannu har wuta ta mutu a ƙarƙashin tukunya. Kar ki yi wa sarkin direbobi haka. Ki zo da yunwarki.

Naki yau, naki gobe, naki har ranar da haƙoranmu za su zube mu koma shan romo zalla,

Tetsuji