Kawu Ya Wanke Bakin Shanu

Matamaye, daren Alhamis

Na gaji liƙis, amma barci ya ƙi zuwa.

Tun da safe na ɗaura glasiya, akwatin ƙanƙara, a bayan moto na nufi garken Kawu Idi a Ɗan Barto, don ya ce shanunsa suna dalalar da miyau suna ɗingishi. Ciwon baki da kofato ne, ba tantama. Abin da labo, ɗakin gwajinmu, ke so a Yamai shi ne sabuwar fatar bororon harshe, cikin sanyi. Daga ita za su karanta ƙwayar halittar cutar, su gane ko wadda muka sani ce ko baƙuwa ce ta shigo, kuma ko rigakafin da ke hannunmu zai tare ta.

Na isa na tarar ya wanke bakin kowace saniya da ruwan kanwa, tas!

"Haba ɗiyata," in ji shi, "likita guda ta zo ta same su cikin ƙazanta?"

Kanwa tana lalata ƙwayar. Kamar in kurma ihu, amma ƙanen Inna ne, har fura ya sa aka dama mini. Na haɗiye.

Na ce, "Kawu, ba ko ɗaya da ba ka wanke ba?"

Ya ce, "Sai dai san da na ara wa surukina jiya a Tsauni, don huɗa. Shi ma ya fara miyau."

Abin da nake nema yana Tsauni ke nan. Kuma a unguwar surukin nan, a kwami ɗaya duk shanu suke shan ruwa, ga shi ta miyau cutar ke yaɗuwa.