Rasuwar Dokta Ngunan Aper, da Abin da Muka Yi wa Aikinta

Cikin alhini da sunkuyar da kai, Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Lafia da Kewaye, ƙarƙashin jagorancin Malam Abdulsalami Nababa, take sanar da mambobinta da ɗaukacin jama'a cewa ta samu labarin rasuwar mataimakiyar shugabanta, masaniyar ilimin sinadarai, Dokta Ngunan Aper, wadda ta rasu a Jos bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda, aka kuma yi jana'izarta a ƙauyensu da ke kusa da Obi.

Marigayiyar ta zo Lafia a 1978, ta koyar da ɗalibai masu yawa waɗanda yau su ne malaman kimiyya a makarantun Doma, Ashige da sauran garuruwanmu. Bayan aikin aji, ta duƙufa kan binciken jan ƙarfe a ɗan ɗakin da ƙungiya ta ba ta a harabarta. Takan narkar da gishirin jan ƙarfe, ta haɗa shi da wasu sinadarai da ke kama shi su riƙe, sannan ta ajiye ruwan a kwalabe, ba taɓawa ba girgizawa, har ya fitar da 'yan duwatsu masu sheƙi, shuɗɗa da koraye. Waɗannan take aikawa waje a haska su da na'ura, domin a ga yadda ƙwayoyin zarra suka jeru kewaye da jan ƙarfen. Burinta shi ne ta gano wanda zai hana irin doya ruɓewa a rumbu, kasancewarta 'yar manomi.

Wajibi ne mu faɗi abin da ya fi mana nauyin faɗa. A watan da ya gabata, tana kwance a asibiti, kwamitin gudanarwa, wanda mai sa hannu a wannan saƙo yake cikinsa, ya ba da umarnin a share ɗakin nan domin ajiye kujerun taron shekara. Dukkanmu malaman kimiyya ne, mun san abin da ke cikin kwalaben, amma babu wanda ya je ya tsaya a wurin. Aka zubar da su a kwata. Ba mu kuma iya zuwa Jos mun gaya mata ba.

Da muka je gaisuwa, mai gidanta, Malam Patrick Aper, ya tarbe mu da mutunci, ya ba mu wurin zama, sannan ya ce wa shugabanmu: "Ciyaman, na ji labari tun tuni. Kullum Madam tana tambayata ko duwatsun sun fito, ni kuma ina ce mata suna nan suna girma. Da wannan ta tafi."

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Malam Patrick, da 'ya'yansu Terver da Member, da dangi da ɗalibanta, muna roƙon Allah Maɗaukaki ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya raya abin da ta bari. Muna kuma neman gafarar iyalinta a bainar jama'a, ba don mun cancanta ba, kuma ba za mu ga laifinsu ba idan suka jinkirta.

Alhaji Babandi Ya'u
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Lafia da Kewaye
Lafia, Jihar Filato, Nuwamba 1991